Kafin Ka Saya wa Iyaye Kwamfutar Hannu

Tsaraba ta sauya kama. A da, wanda ya dawo daga Makka ko daga aiki a kudu yakan riƙo wa iyaye darduma, agogo, rediyo ko turmin atamfa. Yanzu ba wuya ka tarar da kwamfutar hannu, wadda 'yan kasuwa ke kira tab, a jakar ɗan da Allah ya buɗa wa, an naɗe ta domin Hajiya ko Baba. Niyyar mai kyau ce: su karanta Alƙur'ani da manyan baƙaƙe, su riƙa ganin jikokinsu na nesa, su saurari wa'azi ba sai sun jira lokacin gidan rediyo ba. Amma duk mai shiga gidaje ya san inda da yawa daga cikin waɗannan na'urori ke ƙarewa. Wasu suna ƙasan akwati cikin kwalinsu, ana jiran ranar da mai kyautar zai zo ya sake nuna yadda ake kunnawa. Wasu sun koma hannun jikoki, gilashi ya tsage, an cika su da wasanni. Wasu kuma an manta lambar sirrinsu, sun kulle gam.

Idan haka ta faru akan ɗora laifin a kan tsufa, a ce ai Baba ba ya gane kayan zamani. Maganar ba ta da ƙarfi. Dattijon da ake faɗa shi ne ya riƙe lissafin kanti a ka shekara da shekaru, shi ne kuma ya saba da wayar salula ba da wata wahala ba bayan shigowarta Najeriya a 2001. Matsalar takan faro ne tun daga wurin saye. Mai kyauta yakan zaɓi abin da ya burge shi, shi da ya saba da na'ura, ya miƙa wa wanda idonsa da hannunsa da buƙatarsa suka sha bamban da nasa. Tela ba ya yanka yadi sai ya gwada mai riga, kuma wannan kyautar ma gwaji take so. Abin dubawa huɗu ne: me mutumin zai yi da ita, yaya lafiyar idonsa da hannunsa, yaya gidan yake ta fuskar wuta da sabis, sannan wa ke kusa da shi ranar da ta rikice.

Shin ma yana buƙatarta?

Tun da kamfanin Apple ya fitar da iPad a 2010, Samsung ya biyo da Galaxy Tab a wannan shekarar, ake tallata irin wannan na'ura a matsayin kwamfutar wanda bai iya kwamfuta ba. Akwai gaskiya a ciki. Babu linzami, babu jerin madannai masu firgita baƙo. Abin da ka gani shi za ka taɓa. Ga wanda yake son ya zauna ya yi tilawa ta awa guda, ko ya kalli shirin Daɗin Kowa, ko ya ga fuskar jika sosai a kiran bidiyo, faɗin fuskarta ya fi na waya nesa ba kusa ba.

Sai dai wayoyin yanzu su ma sun girma, yawancinsu fuskarsu ta haura inci shida. Idan mahaifiyarka ta riga ta saba da wayarta, kukanta kawai ƙanƙantar rubutu ne, fara shiga saitin wayar ka ƙara girman haruffa ka gani. Wataƙila maganin ke nan, ba ka kashe ko kwabo ba. Idan kuma labarai ne abin da mahaifinka ya damu da shi, ka tuna cewa rediyonsa tana kawo masa sashen Hausa na BBC da na DW da gidajen rediyon garinsu kyauta, alhali yawancin kwamfutocin hannu ba su da FM, duk abin da za a saurara kai tsaye sai an ci data.

Hanyar gane gaskiya ita ce lura. Tambaya ba ta cika fitar da ita ba, domin iyaye ba sa kushe abin da ɗa ya ce zai kawo. "Allah ya yi albarka" za ka ji ko da ba sa so. Duba abin da yake yawan roƙon yara su yi masa a wayoyinsu. Idan kullum sai ya ce a kira masa wance ya gan ta, a kunna masa karatun wane, a nuna masa hotunan bikin nan, to buƙata ta tabbata. Rubuta abubuwan nan, ba za su wuce uku ko huɗu ba. Wannan 'yar takardar ita za ka tafi da ita kasuwa.

Ido, hannu da kunne

Girma shi ne zaɓi na farko, kuma kowane ɓangare da ribarsa. Masu inci takwas zuwa tara, irin Galaxy Tab A9, nauyinsu kusan kashi ɗaya cikin uku na kilo ne. Ana riƙe su da hannu ɗaya, suna shiga jakar hannu, ana iya tafiya da su masallaci ko unguwa. Masu inci goma zuwa sha ɗaya sun doshi rabin kilo. A kanti ba ka jin wannan nauyin, amma mai ciwon gaɓɓai da ya riƙe na minti ashirin zai ji shi a wuyan hannu. To amma su ne ke nuna shafin Alƙur'ani cikakke ba tare da an yi ta jawowa da turawa ba. Daga shekara arba'in gani na kusa yake fara raguwa ga yawancin mutane, saboda haka idan karatu ne babban aikin, ɗauki babbar, ka haɗa da riga mai jingina yadda za a kafa ta a kan tebur ko matashi.

Ka nemi a kunna maka ita ka fita da ita bakin ƙofar shago. Gidajenmu a tsakar gida da zaure ake zama, kuma fuskar da ke haske a cikin kanti tana iya dushewa a inuwar bishiya da rana tsaka. Karkata ta gefe ka gani ko hoton yana baƙi. Idan yana yi, mutum biyu ba za su kalli abu tare ba. Sannan ka ƙure sautin. Wanda jinsa ya ragu ba ruwansa da kyawun kyamarar baya, lasifika mai ƙarfi wadda ba ta kakkarwa ita ce tasa. Kyamarar da ke da amfani ita ce ta gaba, wadda jikoki za su gan shi da ita.

Akwai wani abu da ba a rubuta shi a kwali. Gilashin waɗannan na'urori yana gane yatsa ne ta hanyar 'yar wutar da ke jikin fata. Yatsan da ya bushe da hunturu, ko ya yi kanta saboda noma da aikin hannu, wani lokaci sai a taɓa ta ƙi amsawa. Dattijo ya taɓa sau biyu shiru, sai ya danna da ƙarfi ya daɗe, na'urar kuma ta ɗauka wani umarni ya ba ta, ta buɗo abin da bai nema ba. Daga nan zai ce ba ta son hannunsa. Ɗan alƙalami mai bakin roba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, yana kawar da wannan. Haka makullin zanen yatsa: yakan ba da wahala ga hannun da ya jiƙe da alwala, ko wanda zanensa ya shafe da shekaru. Lamba huɗu da mutum ya zaɓa da kansa ta fi kwanciyar hankali.

Layi, wuta da zafi

A Turai da Amurka yawancin kwamfutocin hannu da Wi-Fi kaɗai suke aiki, domin kusan kowane gida yana da shi. A Kano ko Maraɗi ba haka abin yake ba. Wadda ba ta da gurbin layi, a gidan da babu Wi-Fi, tana rayuwa ne da alfarmar wayar wani. Ranar da mai wayar ya fita, ita ma ta yi shiru. Saboda haka tambayar farko ga mai shago ita ce: tana cin layi? Ta biyu: ana kira da ita? Ba ɗaya ba ne. Yawancin na Android masu layi ana kira da su kamar waya, ana kuma danna lambobin duba kuɗi da sayen data. iPad mai layi kuwa data kawai take ja; ba a kiran waya na yau da kullum da layinta. Sababbin samfuranta ma sun daina zuwa da gurbin kati, sai layin da ake saukewa a ciki, wato eSIM, wanda sai ka tabbatar kamfanin layinku yana bayar da shi.

Kada ka zaɓi layi don shi kake amfani da shi. Zaɓi wanda ke da sabis a ɗakin da za a zauna da na'urar. A Najeriya tun ƙarshen 2020 hukumar NCC ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka a yi rajistar da sunan mai amfani da shi, kada wata rana a rufe layin a rasa wanda zai je ya buɗe. Wanda zai aiko da ita daga waje kuma ya tabbatar ba a ɗaure take da wani kamfanin sadarwa na can ba.

Batun wuta ba sai an faɗa ba. Batirin waɗannan na'urori ya fi na waya girma, yana daɗewa, amma cika shi ma yana ɗaukar lokaci. Idan wutar unguwar ta awa biyu ce, caja mai rauni ba za ta cika shi ba. Duba ko akwai kan caja a kwalin, domin wasu yanzu igiyar caji kawai suke sakowa. Zaɓi mai ramin USB-C: bakinsa ba shi da sama ba shi da ƙasa, duk yadda aka soka ya shiga. Tsohon ƙaramin rami mai fuska ɗaya shi ne abin da ke fara lalacewa a hannun wanda ba ya gani sosai, saboda cusawa ta baibai. Idan daga Amurka aka kawo, a haɗa da abin sauya baki, tunda soket ɗin Najeriya irin na Ingila ne, na Nijar kuma irin na Faransa.

Zafi ma abokin gaba ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi na'urorinsa don su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40. Ba wai ba za ta yi aiki ba, amma a gaya wa mai ita kada a bar ta a mota ko a rana, kada kuma a tura ta ƙarƙashin matashi tana caji. Abin da ke kumbura batir ke nan.

iPad ko Android?

A nan masana ke doguwar gardama, kowa da gwaninsa. iPad tana da inganci, tana shekaru ana sabunta mata manhaja, tsarinta iri ɗaya ne a kowane samfuri, kuma tun 2023 tana da wani saiti mai suna Assistive Access da ke mayar da fuskarta 'yan manyan hotuna kaɗan, ya ɓoye sauran tarkace. Nakasunta a wurinmu su ne tsada, tsadar gyara, rashin gurbin katin memori, da kuma cewa ba a tura mata wa'azi ko hoto ta Bluetooth daga wayar Android. A garin da rabin abin da mutane ke saurare daga masu turi na bakin kasuwa yake fitowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Android kuwa kasuwa ce mai faɗi. Akwai Samsung, Lenovo da Xiaomi, akwai kuma Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, da cibiyoyin gyaransu na Carlcare a manyan garuruwa. Farashi ya fi sauƙi, masu gyara sun san su, yawancinsu suna cin katin memori. Matsalarta ita ce ingancin ya bambanta ƙwarai daga wannan zuwa wancan, wasu masu araha kuma suna zuwa da tarin manhajoji da tallace-tallacen da ke rikita baƙo.

Abin da zai raba gardamar yana cikin gidan. Duba wayar da ke hannun wanda zai riƙa taimaka wa mai kyautar: ƙanwarka da ke zaune tare da su, ko ɗan maƙwabci, ko jikan da ya yi hankali. Idan Android ce a hannunsa, sayi Android. Idan kai ne za ka riƙa warware matsala ta waya daga nesa, sayi irin taka, yadda za ka iya cewa "a duba sama ta hannun dama" kana kallon abu ɗaya da su. Wanda ya riga ya saba da wayar Android kuma kada a sauya masa gida. Abin da ya sani ya fi kowane sabon salo daraja.

Akwai wasu da ya kamata a yi hattara da su, ba don ba su da kyau ba, sai don ba su dace da wannan aikin ba. Fire ta kamfanin Amazon tana da araha a Amurka da Ingila, shi ya sa 'yan uwa na waje ke yawan aikowa da ita, amma ba ta zuwa da Google Play, kuma manhajoji da dama da aka saba da su ba sa cikin rumbunta. Samfuran Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin a 2019 su ma ba su da manhajojin Google. Masani zai iya yi musu dabara, amma duk abin da aka tayar da dabara, da dabara ake riƙe shi, kuma mai dabarar ba ya nan kullum.

Lambobin da ke jikin kwali

Biyu kawai za ka damu da su. Ta farko ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake rubutawa RAM. Kada ta gaza giga 4. Na'ura mai nawa tana wahalar da gwani, amma ɗan koyo karya masa gwiwa take yi, domin idan ya taɓa ba ta amsa ba, kansa zai zarga. Lura da rubutu irin "4+4" a kwali: huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya, bai kai shi sauri ba. Ta biyu ita ce ma'ajiyar, giga 64 ya wadatar. Karatun Alƙur'ani cikakke na murya yakan ci giga ɗaya zuwa biyu ne kawai. Abin da ke cika na'ura shi ne bidiyon da ake turowa a zaurukan WhatsApp.

Ka kuma tambayi shekarar da samfurin ya fito. Manhajoji suna barin tsofaffin na'urori a baya; a Oktoban 2023, alal misali, WhatsApp ya daina aiki a kan duk Android da ta gaza siga ta 5. Wadda ta daɗe a kanti tana iya zama sabuwa dal a ido amma rabin kwananta ya ƙare. Waɗanda ba su da sunan kamfani sananne kuwa, masu alkawarin manyan lambobi a kuɗi kaɗan, a bar su inda aka gan su. Araha ba ta ado.

Sabuwa ko ta hannu?

A Farm Centre ta Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, za ka sami sababbi a kwali da kuma na hannu da aka shigo da su daga waje. Ta hannu mai kyau daga babban kamfani tana iya fin sabuwa marar asali. Amma ga kyauta irin wannan, sabuwa mai rasit da garanti ta fi kwanciyar rai, domin mai ita ba zai gane alamun lalacewa da wuri ba, ko ya gane ma ba zai so ya dame ka ba.

Idan ta hannun ce ƙarfinka, kada ka biya sai an goge ta a gabanka an sake tayar da ita har ta kai fuskar farko. Tun 2013 na'urorin Apple ke da makullin da ke ɗaure su da asusun mai su na farko, Android ma tana da irinsa. Idan ta nemi imel ɗin wani, ko ta nuna cewa wata makaranta ko kamfani ke kula da ita, mayar. Riƙe hoton wata manhaja da yatsa ka zagaya da shi duk kusurwoyin gilashin. Inda ya kuɓuce, wurin ya mutu. Sa caja ka girgiza igiyar ka ga ko cajin yana yankewa. Kwantar da ita a kan tebur ka duba ko ta lanƙwashe ko bayanta ya ɗago.

Aikin da ke bayan saye

A nan ne kyauta ke tabbata ko ta lalace. Kada a miƙa ta a rufe cikin leda don a burge. Buɗe ta ka shirya ta tukuna. Asusun Google ko na Apple a buɗe shi da sunan mai ita da lambar wayarsa, ba na yaron shago ba, ba kuma naka ba. Rubuta imel ɗin da kalmar sirri a takarda biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a inda suke ajiye muhimman takardu. Yawancin na'urorin da suka kulle har abada, rashin wannan takardar ne sanadi.

Sannan ka share fuskar farko tas, ka bar abubuwa ukun nan ko huɗu da ka rubuto. Ƙara girman rubutu, tsawaita lokacin da fuska ke ɗauka kafin ta mutu, kashe juyawar da take yi da kanta idan an karkata, ka rufe bakin duk manhajar da ke turo sanarwa ba dalili. Hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, ka kuma saita shi yadda ba kowa zai jefa su cikin zaure ba.

Wajen Alƙur'ani a yi lura ta musamman. Dattawanmu da yawa da suka yi makarantar allo da ruwayar Warshu suka tashi, da rubutun da fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yawancin manhajoji da ruwayar Hafsu suke buɗewa, da rubutun gabas, har lambobin ayoyin ba su zo ɗaya ba. Ka ba irin wannan dattijo Hafsu, zai duba ya ajiye cikin ladabi, ba zai ce maka komai ba. Nemo masa ta Warshu, ka sauke shafukan da muryar gaba ɗaya yadda za ta yi aiki ba data. Shehu Mahmud Khalil Husari yana cikin waɗanda suka naɗi karatun wannan ruwayar. Haka tafsiri: sa masa na malamin da shi yake saurare, ba wanda kai kake so ya koma saurare ba. Kyauta ba wurin jan ra'ayi ba ce.

WhatsApp yana da hanya biyu. Ana iya haɗa shi da na wayar mutum, amma idan wayar ta yi kwana 14 ba a buɗe shi a cikinta ba, haɗin yakan warware. A kan Android ana iya yi masa rajista kai tsaye da lambar ƙaramar wayarsu mai madannai, saƙon tabbatarwa ya shigo can. Manhajar iPad kuwa, wadda sai a Mayun 2025 ta fito, an gina ta ne a kan haɗawa da wayar da ke ɗauke da asusun. Sa wa kowane ɗa da jika hotonsa a jikin lambarsa. Wanda bai yi boko ba amma yana karanta ajami, a rubuta masa sunayen da haruffan Larabci. A kuma rubuta su yadda mai na'urar ke kiran mutanen. Uwar da ke alkunyar sunan ɗan fari, sunan da take kiransa da shi za a sa. Abu mafi amfani da za ka koya musu shi ne saƙon murya, domin shi ne ya daidaita mai karatu da marar karatu.

Koyarwa da kare mutunci

Babba ba ya son ya zama ɗalibin ɗansa, balle a gaban jama'a. Kada a yi darasin a tsakiyar taron Sallah yara suna dariya. A keɓe, a zauna gefe da gefe, na'urar tana hannunsa. Duk lokacin da ka karɓe ka ce "kawo in yi maka", ka koya masa cewa ba zai iya ba. Abin da za ka ce shi ne, "Baba, a ɗan taɓa nan a gani." Abu ɗaya a zama ɗaya ya isa. Farkon abin koyo shi ne hanyar komawa fuskar farko daga ko'ina, domin babban tsoron ɗan koyo shi ne ya shiga inda ba zai iya fita ba, ko ya lalata abu mai tsada. A Android mayar masa da madannai ukun nan na ƙasa maimakon salon shafa gilashi. Ka kuma gaya masa ƙarara cewa taɓawa ba ta lalata ta.

Gargaɗi ɗaya ne ya zama dole, a maimaita shi har ya zauna: duk wanda ya kira ko ya turo saƙo yana neman lambobi shida na tabbatarwa da suka shigo ta saƙo, ko lambar katin banki, ko BVN, ɗan damfara ne, ko da ya ce daga banki yake, ko da ya ambaci sunan ɗansu. Kunna wa WhatsApp ɗinsu makulli na biyu. Manhajar banki kuma a dakata da ita sai hannu ya faɗa.

Sai jikoki. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma da wuya kaka ta hana. Akwai saitin da ke tsare yaro a cikin manhaja ɗaya, a iPad da Android duka, yana da kyau a kunna shi, a kuma rufe hanyar sauke sababbin wasanni. Amma saiti ba ya maye gurbin magana. Mai kyautar ne zai tara yaran da iyayensu ya ce wannan ta Hajiya ce, da izininta ake ɗauka, a gabanta ake kallo. Riga mai kauri da gilashin kariya kuwa, a sa su tun kafin ta shiga gidan.

Hukunci

Kuɗin da ka biya a kanti ba shi ne ƙarshen kashewa ba. A Janairun 2025 NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma dattijon da ke lissafin cefane ba zai sayi data don kallon bidiyo ba, ba kuma zai roƙe ka ba. Idan ba za ka ɗauki nauyin datar wata-wata ba, kyautar rabi ce. Gara ka rage tsadar na'urar ka ware na data, riga, gilashi da caja mai kyau.

Ga yawancin gidajenmu, zaɓin da ya fi dacewa shi ne Android ta kamfani sananne, mai inci goma ko sha ɗaya idan karatu ne, ƙarama idan yawo za a yi da ita, mai cin layi, giga 4 da 64, mai ramin USB-C, wadda ake gyara irinta a garin. iPad ta dace da gidan da ke da Wi-Fi da kuma wanda ya san ta a kusa. Bayan wannan, abin da ya rage ba a sayar da shi a kasuwa. Ka shirya ta da hannunka, ka zauna ka koyar, ka naɗa wanda zai riƙa dubawa, sannan a makonnin farko ka riƙa kiran bidiyo a lokaci ɗaya kullum har hannu ya saba. Idan ka san ba ka da wannan lokacin, saya musu rediyo mai kyau da fitilar sola, za su fi jin daɗinsu.